Yadda ake riƙe shagon firam na gida ba a fasa gilashi ba kuma ba a fasa zumunci ba

Shagonmu Baba ne ya buɗe shi tun ina firamare, lokacin ba komai a ciki sai benci ɗaya da zarto da gwangwanin ƙusa, yanzu kuma mu huɗu ne, ni da yayana da ƙanwarmu mai riƙe littafi da wani ɗan kawunmu da yake koyo. Kusan duk wata sai wani ya tare ni wai shi ma yana so ya buɗe irinsa da 'yan uwansa, me zai saya, nawa zai kashe. Maganar nawa dai ka bar ta, farashin da zan faɗa maka yau kafin jibi ya zama ƙarya. Amma yadda aikin yake da ramukan da ake faɗawa, wannan kam zan iya faɗa tunda mun faɗa mafi yawansu da kanmu.

Abu na farko da Baba ya cusa mana tun kafin ya bari mu taɓa zarto shi ne, firam in ya lalace ana sake wani, gilashi in ya fashe ana yanko wani, amma abin da mutum ya kawo maka a cikin leda yana lallaɓawa amana ce kuma yawanci guda ɗaya ne a duniya. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso.

Wuri da kayan aiki

Ka nemi shago kusa da inda takarda da hoto suke fitowa, wato kusa da sitidiyon masu hoto, masu firintin, makarantu, sakatariya. Ba lallai bakin babban titi ba, haya za ta cinye ka, amma ya zama inda mota za ta iya tsayawa dan babu Alhajin da zai ɗauki gilashi mai ƙafa uku ya ratsa lungu da shi. Kuma ko shagon ƙarami ne ka raba shi biyu ko da filawud ne, gaba na karɓar mutane da haɗa hoto, baya na yanka. Garin katako da gilashi ba sa ga maciji, mun yi shekaru muna yanka da haɗawa a tebur ɗaya, ka gama rufe firam tsaf ka ɗaga sai ka ga ɗigon gari a kan hancin mutum, dole ka kwance.

Kayan farawa ba su da yawa. Tef na awo mai inci da santimita, sikwaya ta ƙarfe, doguwar rula ta ƙarfe, zarto mai ƙananan haƙora da akwatin yankan kwana, abin matse kusurwa, gam ɗin katako fari, samfefa, ƙaramar guduma, sitafila, dayamon na yankan gilashi, wuƙar yankan kwali da reza masu yawa. Injin yankan kwana na lantarki da injin da ake takawa yana harba ƙusa mai siffar V ta bayan kusurwa suna sauƙaƙa aiki ba kaɗan ba, amma kar ka ci bashi ka saye su a watan farko, kuma ko ka saya ka bar zarton hannu a rataye saboda ranar da ba wuta ba man janareta kuma amarya za ta tare gobe.

Sandar firam iri biyu ce a kasuwa. Akwai ta roba da ake shigowa da ita daga Chaina, ta zo da adonta, ruwan gwal, baƙa, mai kamar itace, tsawonta kusan mita 3, ba nauyi, gara ba ta cin ta, kuma ita mafi yawan kwastoma suke nunawa. Aibinta in ta bugu ta ɓantare shi ke nan ba gyara, kuma a babban firam tana lanƙwasa. Sai ta katako da za ka sayo itace a 'yan katako, mu nan Kano Na'ibawa ko Rijiyar Lemo muke zuwa, ka kai inji a fitar maka da ita da gurbin da gilashi zai zauna. Anan wallahi ka kula da ɗanyen katako. Za ka haɗa shi a watan Agusta kusurwa lif kamar an zana, hunturu na shigowa ya bushe ya ja jiki, kusurwa ta buɗe baki har ka iya zura ashana. Ka sayi katako ka jingine shi a inuwa ya sha iska watanni kafin ka taɓa shi, ka shafa masa maganin gara, sannan banish ko fenti.

Karɓar aiki da awo

In mutum ya kawo abu kar ka karɓa ka ce a dawo jibi. Ka goge teburin, ka buɗe shi a gabansa, ku duba tare. Ga yagewa anan, ga tabon ruwa, ga inda kyankyaso ya ci. Ka ɗauki hotonsa da waya yana kallo, ka rubuta a risit. Mutane suna mantawa da tabon da suka zo da shi, ranar karɓa sai ka ji ai lafiya lau na kawo. Ba sharri ba ne yawanci, bai taɓa ƙare masa kallo ba ne sai da ya shiga gilashi.

Ance ido ba mudu ba amma ya san kima, to banda a wannan sana'ar. Ko mutum ya rantse maka hoton 16 da 20 ne ka sa tef, masu firintin wani ya rage wani ya ƙara, kuma mutane suna haɗa A4 da 8 da 10 alhali ba ɗaya ba ne, A4 santimita 21 ce da 29.7, ta fi tsawo. Ka auna sau biyu ka rubuta a takardar aikin da inci ko santimita, ɗaya dai, kowa a shagon ya bi shi. Mun taɓa asarar sanda biyu saboda yaya ya rubuta 30 da 40 yana nufin santimita yaron ya yanka da inci, firam ya fito kamar ƙofar taga. Sannan ka ƙara milimita 2 zuwa 3 a kowane awo, dan gilashi da takarda su samu wurin motsi, in ka matse su cif damina na zuwa takarda ta kumbura ta yi tudu.

Lissafin sandar da aiki zai ci yana da sauƙi amma sabbin shiga nan suke cutar kansu. Ka haɗa tsawo da faɗi, ka ninka biyu, sannan ka ƙara faɗin sandar sau takwas, saboda kowace kusurwa tana cin faɗin sanda sau biyu. Misali hoto inci 16 da 20, sanda mai faɗin inci 2. 16 da 20 sun zama 36, sau biyu 72, ka ƙara 16, inci 88 ke nan, kuma ka ɗan ƙara na bakin zarto. Wanda ya tsaya a 72 ya yi wa kwastoma kuɗi to daga aljihunsa ya cika sauran.

Kusurwa

Duk kyan sanda, in kusurwa ta buɗe aikin ya mutu, kuma ido can yake fara zuwa. Digiri 45 ake yankawa, takwas ɗin duka. In kowace ta kauce da ɗan ƙanƙanin abu, ba za ka gani ba a ta farko da ta biyu, sai ka zo rufe ta huɗu za ka ga giɓin duka ya taru anan. Dan haka kafin ka sa zarto a sanda mai tsada ka gwada da guntaye huɗu, su rufe ba haske tsakani tukuna. Abu na biyu, gefe biyu masu kallon juna dole tsawonsu ya zo ɗaya, ka haɗa su baya da baya ka shafa da yatsa, yatsa yana jin abin da ido bai gani ba. Sai gam a fuska biyu, ka matse, ka goge wanda ya tsatso da ɗanyen tsumma tun bai bushe ba, sannan ƙusa. Gam ne yake riƙe firam, ƙusa taimako ce kawai. In ta roba ce farin gam ba ya kama ta sosai, ka nemi nata. Da ka gama ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangare biyu, in awon ya zo ɗaya firam ya miƙe, in bai zo ba ka gyara yanzu kafin gam ya kama.

Gilashi, da abin da ya faru da hoton mijin Hajiya

Mai milimita 2 ya isa ƙananan firam, manya a sa mai 3. Ka shimfiɗa bargo a tebur, ka ɗiga kananzir a bakin dayamon, ka ja layi sau ɗaya tak da ƙarfi daidai daga farko har ƙarshe, za ka ji yana wani ƙara siririya. Kar ka maimaita layin, maimaitawa ke kashe dayamon kuma ta sa gilashi ya tsage inda ya ga dama. Ka kawo layin bakin tebur ka danna, ɗas. Gilashi a tsaye ake ɗaukarsa ba a kwance ba, kuma yara da silifas ba sa shiga wajen. In firam ya yi girma sosai ko za a kai makaranta ko ɗakin yara, gara roba mai kama da gilashi, sai dai tana saurin karcewa kuma tana jan ƙura.

Ina ɗan shekara ashirin da wani abu wata Hajiya ta kawo tsohon firam, hoton marigayi mijinta ne baƙi da fari, da rawani, an ɗauka a sitidiyo tun kafin a haife ni. Sandar ta ruɓe tana so a canja. Baba ya tafi masallaci, ni kuma ina so in nuna na iya. Na cire ƙusoshin baya, na ɗaga kwalin, na kama gefen hoton na ja, sai na ji wani ɗan sauti kamar an ɓare albasa. Rabin fuskar mutumin ya zauna a jikin gilashi, rabi a hannuna. Shekaru da danshin damina sun manne hoton da gilashin ban sani ba. Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi, ta dai kalli abin ta ce "ɗan nan shi ke nan gare ni fa", ta gyara mayafinta. Baba da ya dawo ya durƙusa yana ba ta haƙuri, mutumin da ban taɓa ganin ya durƙusa wa kowa ba sai iyayensa. Mun kai an haɗa a kwamfuta an fitar da wani, amma ni da ita duk mun san ba shi ba ne.

To ka ji. In tsohon hoto ya manne da gilashi kar ka ja, kar ka jiƙa, a ɗauki kwafinsa ta cikin gilashin tukuna, sannan a sa shi a sabon firam da tsohon gilashinsa yadda yake. Kuma a sabon aiki kar ka bar fuskar hoto ta taɓa gilashi. Wannan ne amfanin kwali mai taga da ake zagaye hoto da shi, mutane sun ɗauka ado ne kawai, alhali tazara yake bayarwa. Tagar ta fi hoton ƙanƙanta da kamar milimita 3 zuwa 5 kowane gefe dan ta danne bakinsa, a yanke ta a karkace da sabuwar reza, kuma gefen ƙasa ya ɗan fi na sama faɗi, in ka yi su daidai ido sai ya ga kamar hoton yana zamewa. In kwastoma ba ya son kwalin, ka yanka siririn tsiri ka ɓoye shi a cikin gurbin sanda ya raba su.

Wajen riƙe hoton kuma, ta sama kawai ake liƙa shi, wuri biyu, ta baya, ya rataya kamar labule. Kar ka bi gefe huɗu da salatif, kar ka shafe bayansa da gam. Takarda tana shan danshi ta saki, in ka ɗaure ta ko'ina sai ta yamutse. Salatif na kanti kuma bayan 'yan shekaru yana komawa ruwan ƙasa ya bar tabon da ba ya fita, haka kwalin katan na indomi da wasu ke sawa a baya, yana sa takarda ta yi ja. Akwai kwali da tef marasa asid, sun fi tsada, ba kowane aiki ne zai ɗauke su ba gaskiya, hoton biki da ke cikin waya ana iya sake fitarwa. Amma satifiket, tsohuwar wasiƙa, rubutun hannu, zanen asali, anan kar ka yi rowa.

Kafin rufewa ka goge gilashi ciki da waje da sifirit da tsumma mara gashi, ka bari ya bushe sarai, ka haɗa, ka juya ka duba a haske kafin ka buga ko ƙusa ɗaya. Sai bayan, siririn filawud ko allon MDF na matsattsen garin katako, ka bi haɗin da tef ɗin takarda ka toshe ko'ina. Wanda bai zauna garin da ake hunturu ba ba zai gane amfanin wannan ba, ƙura tana shiga inda allura ba ta shiga, ga ƙananan ƙwari masu cin takarda. Maratayi kuma a jikin sanda ake ɗaura shi da sukuru, wajen kashi ɗaya cikin uku daga sama, ba a jikin allon baya ba. Ka gaya wa mai shi kar ya rataye inda rana ke duka ko bangon da ke tsatsafo da damina.

Abubuwan da ba hoto ba

A garinmu rabin ciniki ba hoton mutum ba ne, dan gidaje da yawa ba sa rataye hoton mai rai, kuma ba aikinka ba ne ka tsaya musu a kai, ka dai tanadi abin da suke so. Ayatul Kursiyyu, sunayen Allah 99, Ka'aba, masallacin Madina, su ne kayan ɗakin amarya. Wasu kuma hoton Shehu Ibrahim Inyass ko Malam Nasiru Kabara suke nema, wasu Sardauna ko Malam Aminu Kano. Duk abin da ke da aya a jiki ba ya sauka ƙasa a shagonmu, akwai kanta ta sama da aka ware masa, kuma guntun da ya lalace ba ya shiga kwandon shara. Ka koya wa yaran shago wannan tun ranar farko, kwastoma ɗaya ya ga aya a ƙasa unguwa duka ta ji.

Satifiket kuma in an ce ka yi masa lamineshin kafin firam ka ba da shawara a bari. Lamineshin ba ya ciruwa, zafinsa yana taɓa hatimi, kuma akwai ofisoshin da ke ƙin karɓar takardar asali in an yi mata. Mu har cewa muke a kawo kwafi mai kala mu sa a bango, na asalin ya zauna a akwati.

Allon zayyana na saukar karatu shi firam mai zurfi yake so kamar akwati, a shimfiɗa ƙyalle a baya, a riƙe allon da ƙananan maƙalai, ba a huda shi ba a sa masa gam. Wani ya taɓa kawo gaban tsohuwar rigar kakansa mai aska takwas, da zare muka ɗinke ta a jikin ƙyalle, ta yi kyau har wasu suka riƙa tambaya ko ta sayarwa ce. Zanen fenti a kan kanbas, wato yadi mai kauri da ake zane a kai, shi kuma ba ya buƙatar gilashi, ana ja ne a kan katako, ka fara harba sitafila daga tsakiyar kowane gefe, wannan gefe sannan kishiyarsa, kana tafiya zuwa kusurwa, kusurwa ce ƙarshe. Zanen fensir da gawayi da fentin ruwa su dole gilashi da tazara.

Bangon nuna zane

Wannan ƙanwarmu ce ta kawo shi, Baba da farko cewa ya yi wa zai sayi zane a garin nan. Muka shafe bango ɗaya da farin fenti, muka sa fitila uku masu haskawa daga sama, muka rataye zane shida kawai. Kar ka cika bango kamar shagon kalanda, kuma tsakiyar kowane zane ya zo daidai idon mutum a tsaye, wajen santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa. Masu zane ba wahalar samu suke ba, sashen zane na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya shi ne inda manyan masu zane su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu a 1958, lokacin makarantar tana kwaleji ba ta zama jami'a ba tukuna, har yau duk shekara ana yaye ɗalibai da zane jibge ba inda za su kai, ga na kwalejojin ilimi, ga yaran unguwa masu zanen fensir da ke sawa a Instagram. Abin da ya fi tafiya a wajenmu hawan sallah, marinar Ƙofar Mata, dutsen Dala, ganuwa da ƙofofi, sai rubutun Larabci na hannu. Masu saye kuma otal, ofisoshi, masu neman kyautar da za su ba baƙo ko wanda aka yi wa naɗi.

Kar ka sayi zane da jarinka, zai iya shekara a bango. Mai zane ya ajiye, in an sayar ka ɗauki la'adarka, mu kashi 30 muke ɗauka kuma kuɗin firam daban. Amma a rubuta, sunan zanen, girmansa, farashin da ya yarda, iya ragin da za ka iya yi ba ka kira shi ba, wa zai ɗauki asara in ya lalace, da ranar da zai zo ya ɗauke in bai tafi ba. Ranar da aka saya ranar za ka tura masa kuɗinsa, ka juya kuɗin mai zane sau ɗaya to duk abokansa sun ji. Kuma in an buga zane a inji ne ka ce bugu ne, kar ka bari mutum ya tafi yana zaton na hannu ya saya. Gaskiya bangon nan ba shi ke ciyar da mu ba, firam ne, amma mutum ya shigo kallo sai ya tuna akwai satifiket ɗin 'yarsa a gida.

Kuɗi, da 'yan uwa

Farashi ka haɗa sanda da gilashi da kwali da baya da maratayi, ka ƙara na asara dan gilashi zai fashe guntaye za su ragu, ka ƙara haya da mai, sannan ladan hannu. Kuma ka yi lissafi da farashin da za ka sake sayo kayan, ba wanda ka sayo da shi wata uku baya ba, in ba haka ba za ka ga ciniki na ta tafiya kaya na ta raguwa. Kafin alƙalami rabi, ko waye, kafin a yanka. Kasuwa tana tashi gab da sallah da lokacin bukukuwa da bikin yaye ɗalibai, sai babba, canjin gwamnati, tunda ranar 29 ga Mayu ake miƙa mulki kuma duk ofis sai ya sauke hoton shugaban ƙasa da gwamna ya ɗora sabo. A 2023 kwana muka riƙa yi a shago. Sai dai aikin ofis ka ji tsoron bashi, akwai wata ma'aikata da ta karɓi firam arba'in a wajenmu, sai da na yi wata tara ina sintiri ana ce min fayil yana sama.

To ga inda shagunan gida suke mutuwa, ba a kusurwa ba, a durowa. Lokacin Baba kowa hannu yake zurawa, cefane, kuɗin makaranta, gudummawar biki, ba mai rubutawa dan ai na gida ne. Shekarar da ya kwanta rashin lafiya muka zauna lissafi muka tarar jari ya kusa ƙarewa, kuma kowa yana kallon ɗan uwansa, ni da yaya mun yi wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Kawu ne ya zaunar da mu, ya ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ku kun fi ƙarfin rubutu ne? Daga nan muka yi rajistar sunan shago a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, muka buɗe asusun banki da sunan, POS da taransifa duk can suke shiga ba wayar kowa ba. Kowa aka yanka masa albashi har ni, har yaron da ke koyo yana da na mako, wanda ya buƙaci ƙari ya ranta a rubuta. Riba sai ƙarshen shekara, bayan an fitar da zakka in ta kai an ware na ƙarin jari.

Kowa kuma da gefensa. Yaya ke yanka da haɗawa, ni karɓar aiki da sayayya, ƙanwarmu littafi da waya da bangon zane, kuma a gefenta maganarta ce ƙarshe duk da ita ce ƙarama, wannan ya ɗau lokaci kafin yaya ya haɗiye. In za ka gyara wa ɗan uwa kuskure ka ja shi baya, ba gaban kwastoma ba. Dangi masu zuwa a yi musu kyauta su ma mun yi musu doka, ladan hannu mun yafe, kuɗin kaya a biya, Gwaggo ta yi fushi sallah ɗaya ta huce. Sannan tun mahaifi na da rai a zauna da shaidu a rubuta me nasa ne a shagon, me 'ya'ya suka ƙara da guminsu, dan ranar rabon gado 'yan uwan da ba su taɓa share shagon ba su ma suna da haƙƙi a kason uba, kuma gaskiyarsu ne.

Za ka kuma tara aikin da ba a zo karɓa ba, kowane shago yana da su. A risit ɗinmu an rubuta wata uku, bayan nan muna cire sanda da gilashi mu yi wani aikin da su, amma hoton ko takardar ba ma yarwa, akwai wata tsohuwar akwatin ƙarfe ta Baba da muke jera su a ambulan da lambar waya a baya. In kuma za a kai aiki gida, a sa kwali a kusurwa huɗu, a naɗe da bargo, a tsayar da shi a adaidaita sahu yaro ya rungume, kar a kwantar a bayan mota, kuma yaron ya tafi da ƙusar kankare da guduma da lebur na duba miƙewar firam dan in ka bar wa mai gida ratayewa da ƙusar katako zai buga, cikin dare ka ji waya wai firam ɗinku ya faɗo.